Mari Ba Ya Warkar da Ɗan Ƙwaya: Abin da Ya Kamata Kowace Uwa Ta Sani

Wani dare cikin hunturu ina aikin kwana, aka shigo mana da wani saurayi a sume, ɗauke a kan tabarma. Shekarunsa ba su wuce 19 ba. Daga wani ƙauye na ƙasar Kebbe aka kawo shi a bayan mota, yana ta jijjiga, kumfa na fita a bakinsa. Da na ɗaga ƙafar wandonsa, sai na ga gyambo ya zagaye idon sawunsa biyu, fata ta saluɓe. Duk wadda ta daɗe a aikin jinya a ƙasar nan ta san wannan tabo. Shatin mari ne.

Mahaifiyarsa na tsaye a bakin ƙofa, ta rufe baki da gefen hijabi. Na ce, "Inna, me ya sha?" Ta yi shiru. Sai da na rantse mata cewa ba 'yan sanda zan kira ba, sannan ta kwance bakin zane ta miƙo min ɓawon ƙwaya, an rubuta 225 a jiki. Ta ce, "Ɗiyata, wata bakwai ya yi a gidan mari. Buhun gero huɗu muka sayar muka biya. Kwana tara ke nan da dawowarsa."

Uwa mai karanta wannan rubutu, mai yiwuwa ɗanki lafiya lau yake, Allah ya ƙara tsare shi. Amma da wuya a ce ba ki san gida ko ɗaya a danginku ko unguwarku da wannan masifa ta shiga ba. Kuma idan ta shiga, wurinki za a zo neman shawara: a kai shi gidan mari, a kira masa hukuma, ko a sallama shi? Shi ya sa nake so mu zauna mu duba abin da aka riga aka gwada, a nan gida da kuma ƙasashen da suka riga mu faɗawa cikin wannan rami.

Girman matsalar

A shekarar 2018 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, suka gudanar da babban bincike a faɗin Najeriya. Sun gano cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi shaye-shaye a cikin shekara guda kafin binciken. Masu shan wiwi sun fi yawa, miliyan 10.6. Masu shan tiramol da dangoginsa miliyan 4.6, masu shan maganin tari mai kodin kuwa miliyan 2.4. Kuma cikin kowane mutum huɗu, ɗaya mace ce.

A ranar 30 ga Afrilun 2018 ne BBC ta fitar da binciken nan nata kan kodin, wanda ya nuna yadda kwalabe ke fita ta ƙofar baya daga kamfanoni, ya kuma nuna matasa ɗaure da sarƙa a wani gidan gyaran hali a Kano. Kashegari gwamnatin tarayya ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Kwalba ta yi tsada, amma masu sha ba su ɓace ba. Da yawa sun koma tiramol da baliyam da sauran ƙwayoyin da suka fi arha.

A nan yankinmu na Tambuwal da Kebbe, yawancin yaran da nake gani ba da neman holewa suka fara ba. Wani a fadama ya fara, abokin aiki ya ba shi ƙwaya ɗaya don ya wuni yana huɗa bai gaji ba. Wani ɗan kabu-kabu ne, wani lebura mai lodin buhuna ranar kasuwa. Akwai waɗanda rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu, suka ga abin da ke hana su barci. A ɓangaren mata kuwa, na ga wadda ta fara da ciwon baya bayan haihuwa, mai kemis ya ba ta tiramol ba tare da takardar likita ba. Na ga wadda baƙin cikin mutuwar aure ya sa ƙawa ta zuba mata kodin a kwalbar lemo.

Abin da ƙwaya ke yi wa jiki

Tiramol magani ne na gaskiya, muna ba marasa lafiya a asibiti don rage raɗaɗi. Wanda hukumar NAFDAC ta amince da shi mai ƙarfin 50 ne da 100. Wanda ake sayarwa a ɓoye kuwa yana kai 225, har 250. Idan mutum ya daɗe yana sha, jikinsa na sabawa, ƙwaya ɗaya ta daina yi masa aiki sai biyu, biyu ta koma biyar. Ranar da bai samu ba sai gumi, da zawo, da ciwon gaɓoɓi, da hamma, da rashin barci, da ƙunci mai tsanani. A wannan mataki yaro yana sha ne don kada ya kwanta ciwo, daɗin da ya fara ji tun tuni ya tafi.

Ga abin da iyaye da yawa ba su sani ba, kuma shi ne ya kusa kashe yaron da na ba ki labarinsa. Idan aka kulle mutum wata da watanni ba ya sha, sabon da jikinsa ya yi yana raguwa, amma sha'awar tana nan daram a ƙwaƙwalwa, domin ba a yi mata magani ba. Ranar da ya fito, sai ya sha adadin da ya saba sha a da, alhali jikin ba zai iya ɗauka ba. Likitoci a ƙasashe da dama sun tabbatar cewa makonnin farko bayan fitowa daga kurkuku su ne suka fi haɗari ga mai shan irin wannan ƙwaya. Hukuncin gidan mari ɗaya ne da na kurkuku a wannan fanni.

Gidan mari da haƙƙin ɗan Adam

Na san ba ƙiyayya ke sa uwa ta kai ɗanta gidan mari ba. Yaro ya sace tukunya, ya sayar da akuya, ya zagi ubansa, maƙwabta sun fara nuna gidan da baki. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Kware, sai an yi tafiyar kusan kilomita 100 zuwa Sakkwato an kuma wuce. Gidan mari kuwa yana kusa, kuma an ce ana karatun Alƙur'ani a ciki.

Sai dai ki tuna abin da ya faru a watan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Cikin 'yan makonni aka sake bankaɗo irinsa a Daura, da Katsina, da Zariya, da Ilori, da Ibadan. A watan Nuwamban shekarar, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoton ziyarar da ta kai wurare 28 a Najeriya, da na gwamnati, da na addinin Musulunci da na Kirista, da na masu maganin gargajiya. A kusan dukkansu ta tarar ana ɗaure mutane.

Dokar ƙasa ba ta yarda da wannan ba. Sashe na 34 na kundin tsarin mulki ya hana azabtar da kowa ko wulaƙanta shi, kuma bai cire ɗan ƙwaya ba. Akwai dokar hana azabtarwa ta 2017. A nan jihar Sakkwato, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu kan dokar kare yara a 2021. A watan Janairun 2023 aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa, ta kuma amince cewa mai taɓin ƙwaƙwalwa yana da haƙƙi da mutunci. Biyan kuɗin da iyaye suka yi ba ya halasta wa kowa ya sa wa ɗansu sarƙa.

Addininmu ya haramta duk abin da ke gusar da hankali, babu mai jayayya a kan haka. Amma malamai suna karantar da mu labarin sahabin nan da aka yi ta kawowa gaban Manzon Allah (SAW) saboda shan giya, har wani ya tsine masa, Manzo ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An hukunta laifin, ba a jefar da mutumin ba.

Waɗanda suka riga mu gwada ƙarfi

Za ki iya cewa, to a bar gidan mari, hukuma ta kama su ta ɗaure. Dokar hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu yana riƙe da miyagun ƙwayoyi ko yana sha, ko da yake alƙalai kan sassauta. A watan Mayun 2024 majalisar dattawa ta kai ga amincewa da hukuncin kisa ga masu safara. Kafin mu ce tsanani shi ne mafita, yana da kyau mu leƙa nahiyar Amurka, domin babu inda aka gwada tsanani kamar can.

A 1971 Shugaban Amurka Richard Nixon ya ayyana shaye-shaye a matsayin babban abokin gabar ƙasarsa, daga nan abin da ake kira yaƙi da ƙwayoyi ya kankama. Aka yi ta kama masu sha da ƙananan dillalai, gidajen yari suka cika har fursunoni suka haura miliyan 2, baƙaƙen fata da talakawa suka fi shan wuya. Bayan shekara 50 cif, a 2021, mutum fiye da 100,000 ne ƙwaya ta kashe a Amurka cikin shekara ɗaya.

A Meziko, Shugaba Felipe Calderón ya tura sojoji su yaƙi masu safara a ƙarshen 2006. Dubban ɗaruruwan mutane sun mutu tun daga lokacin, kuma a 2022 adadin waɗanda suka ɓace ba a san inda suke ba ya haura 100,000. Ki san su wa ke nemansu? Iyaye mata ne. Sun kafa ƙungiyoyi, suna fita daji da shebur da sandar ƙarfe, suna tona ƙasa ko za su ga ƙasusuwan 'ya'yansu su binne.

Wannan ne ya sa a 2009 tsofaffin shugabanni uku, Fernando Henrique Cardoso na Birazil, da César Gaviria na Kolombiya, da Ernesto Zedillo na Meziko, suka fito suka ce yaƙin bai ci nasara ba, a riƙa kallon mai sha a matsayin majinyaci, a maida ƙarfin hukuma kan manyan masu safara. Mutanen da suka taɓa jagorantar yaƙin da kansu ne suka faɗi haka.

Akwai wani gyara da ya shafi mata kai tsaye. A ƙasar Kosta Rika an lura cewa yawancin matan da ake kamawa suna shigar da ƙwaya gidan yari talakawa ne masu riƙon 'ya'ya su kaɗai, wasu ma mazajensu ne suka tilasta su. Ɗaurin shekara 8 zuwa 20 ake yi musu, 'ya'yan su watse. A 2013 aka gyara dokar, aka rage wa irin waɗannan mata zuwa shekara 3 zuwa 8, aka ba alƙali damar ya yanke hukuncin da ba na zaman kurkuku ba.

Amma kada ki ɗauka sassauci kaɗai ya wadatar. Jihar Oregon ta Amurka ta daina ɗaure masu riƙe da 'yar ƙwaya kaɗan bayan ƙuri'ar da aka kaɗa a 2020, sai dai wuraren jinya ba su samu da wuri ba, shaye-shaye a bainar jama'a ya dami mutane, a 2024 aka dawo da hukuncin. Ƙasar Fotugal ta Turai kuwa, da ta yi irin wannan gyara a 2001, ta haɗa shi da asibitoci da ma'aikata. Wanda aka kama da abin da bai wuce shan kwana 10 ba, ana tura shi gaban wani ƙaramin kwamiti mai ma'aikatan lafiya da na jin daɗin jama'a da masanin shari'a. Yaɗuwar cutar ƙanjamau tsakanin masu allurar ƙwaya ta ragu ƙwarai. Darasin a fili yake: idan za a rufe ƙofar kurkuku, dole ƙofar asibiti ta kasance a buɗe.

Maganar ta iso Afirka ta Yamma ma. Kwamitin da marigayi Kofi Annan ya kafa, wanda tsohon Shugaba Olusegun Obasanjo ya jagoranta, ya ba da shawara a 2014 cewa a ɗauki shaye-shaye a matsayin matsalar lafiya, a daina cika kurkuku da masu sha. A 2020 Ghana ta yi sabuwar doka da ta maida hukuncin riƙe ƙwaya don shan kai zuwa tara maimakon ɗauri, ta bar hukunci mai tsanani ga masu safara. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya ce a ƙyale dillali. Wanda ke shigo da tiramol kwali-kwali yana arziki da rayukan 'ya'yanmu, shi ne ya cancanci kurkuku.

Idan abin ya shigo gidanki

Na farko, ki san alamu. Barci ba lokacinsa ba ko rashin barci, jan ido ko ƙanƙancewar ƙwayar ido, yawan ƙaiƙayi, rama, ɓatan kuɗi da kaya a gida, sauya abokai, da fushi ba dalili. Alama ɗaya ba hujja ba ce, amma idan suka taru ki bincika.

Na biyu, ki zaɓi lokacin magana. Kada ki tare shi yana cikin maye ko a gaban ƙannensa. Ki bari ya natsu, ki tambaye shi me yake sha, tun yaushe, nawa a rana, kuma me ya sa ya fara. Ki riƙe harshenki daga tsinuwa, bakin uwa kaifi gare shi. Yaron da ya ji cewa asirinsa zai rufu a wurinki shi ne zai faɗa miki gaskiya. Haka ma 'ya mace, wadda ta fi ɓoyewa saboda tsoron kada a ce ba za ta auru ba.

Na uku, ki fara da asibitin da ya fi kusa da ke, ki nemi a rubuta muku takardar turawa zuwa Kware ko asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Ba kowa ake kwantarwa ba, da yawa suna zuwa ne ana ganinsu suna komawa gida. Hukumar NDLEA ma tana da sashen ba da shawara, da layin waya na kyauta da ta buɗe a 2022, 0800 1020 3040. Kada ki kulle shi a ɗaki ki ce ya daina rana ɗaya, musamman idan yana shan baliyam ko sauran ƙwayoyin barci, domin yanke su farat ɗaya na iya jawo farfaɗiya. Likita ne zai rage masa sannu a hankali. Addu'a da roƙon Allah kuwa ki dage da su, ba sa karo da magani.

Na huɗu, idan kika same shi a sume, numfashi na fita da ƙyar, leɓe ya canza launi, ko yana jijjiga, ki kwantar da shi ta gefe ɗaya. Kada ki cusa masa cokali a baki, kada ki ɗura masa madara ko manja ko ruwa, zai iya shaƙewa ya tafi huhu. A garzaya asibiti, ki tafi da ɓawon ƙwayar ko kwalbar. Akwai allura mai suna naloxone da ke farfaɗo da numfashin wanda irin su kodin da tiramol suka danne, amma sai mun san abin da ya sha za mu san abin da za mu yi. Mu ma'aikatan jinya ba aikinmu ba ne kai rahoton majinyaci, aikinmu ceton rai.

Na biyar, idan an kama shi, ki san haƙƙinsa. Tsarin mulki ya ce a kai wanda ake tuhuma kotu cikin awa 24, ko 48 idan kotu na da nisa. Ba a yarda a doke shi don ya amsa laifi ba. Doka ta hana a kama ki ko mahaifinsa a madadinsa. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne a doka. Idan ba ku da kuɗin lauya, akwai hukumar ba da agajin lauyoyi ta gwamnatin tarayya, akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, dukkansu suna da ofis a Sakkwato.

Na shida, ki shirya wa komawa. Da yawa daga cikin masu daina ƙwaya sukan zame sau ɗaya ko biyu kafin su tsaya da ƙafarsu, kamar yadda mai hawan jini kan bar magani ya dawo. Zamewa ba ta nufin jinyar ta lalace. Abin da ya fi riƙe yaro bayan asibiti shi ne sana'a, da raba shi da tsohuwar majalisa, da gidan da ba a yi masa gori.

Muryarki tana da nauyi

A Meziko da Birazil da Kolombiya, iyaye mata na cikin waɗanda suka tilasta wa gwamnatoci sauraron maganar gyara, saboda su ne ke binne 'ya'ya, su ne ke layin kai abinci gidan yari. Mu ma muna da wuraren da ake jin maganarmu: Islamiyyar matan aure, taron ƙungiya, kwamitin unguwa na cibiyar lafiya, da ranar da 'yan siyasa suka zo neman ƙuri'a. Idan sun zo da atamfa da sabulu, ki karɓa, sannan ki tambaye su yaushe babban asibitin ƙaramar hukumarmu zai samu ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa, da ɓangaren mata na daban, don kada mutumin Kuchi ko Dogon Daji ko Sanyinna ya sayar da hatsinsa kafin ya ga likita. Ki tambaye su wa ke duba kemis ɗin da ke sayar wa yaro ɗan shekara 14 tiramol.

Yaron nan na Kebbe ya rayu. Da gari ya waye ya buɗe ido, abin da ya fara yi shi ne jan bargo ya rufe ƙafafunsa don kada mu ga tabon. Mun wanke gyambon, likita ya rubuta musu takarda zuwa Kware. Bayan wata biyar mahaifiyarsa ta biyo ta asibiti da 'yar jikarta mai zazzaɓi, ta neme ni. Ta ce ya zame sau ɗaya da damina, suka sake komawa, yanzu yana koyon gyaran babur wurin kawunsa. Na tambaye ta ko mahaifinsa ya huce. Ta ce, "Bai huce duka ba, ɗiyata, amma sun koma cin tuwo kwano ɗaya."

Idan kin taɓa bin wannan hanya da ɗanki ko ƙaninki ko mijinki, ki rubuta mana a ƙasa abin da ya taimake ku da abin da kuka yi nadamarsa, ba sai kin faɗi suna ko gari ba. Wata uwar tana can tana karantawa, da kuɗin gidan mari ƙulle a bakin zaninta. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.